Tagwayen kwalekwale don yaran Ƙonni: jirgin da ɗan talaka zai iya hawa

Ƴan uwa matasa, ku ara mini hankalinku na ɗan lokaci, ko da yake na san wasu za su yi dariya tun kafin su gama layi na uku. Zancen jirgin ruwa na kawo yau. Ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, na yara, a nan jihar Tawa. Na san abin da ke bakinku: ƙasar da ba ta da teku, garin da ake layin ruwan sha da rani, shi ne wani zai zo yana maganar tseren jirgi? To, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, sannan ku yanke mini hukunci.

Shekarar da nake ajin ƙarshe na kwalej, wani yaron unguwarmu ya faɗa kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, bayan wani ruwan sama na watan Agusta. Abin da har yau bai bar zuciyata ba shi ne yawan mutanen da ke tsaye a bakin ruwan. Manya ne, majiya ƙarfi, sun fi ashirin, ni ma ina cikinsu. Babu ko ɗaya da ya iya iyo. Muna ta kururuwa, muna miƙa sanda, har aka je aka nemo wani masunci. Ko da ya iso, ta riga ta faru. Bayan an yi jana'iza, shawarar da iyaye suka yanke ita ce duk yaron da aka gani kusa da ruwa a zane shi. Da damina ta zagayo, yaran nan suka koma ruwan, sai dai yanzu a ɓoye suke zuwa, lokacin da babu babba ko ɗaya a kusa. Kun ga bulalar ba ta raba su da ruwa ba, idon manya kawai ta raba su da shi.

Wannan bala'i ba namu ba ne mu kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, fiye da rabinsu ba su kai shekara 30 ba, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce abin ya fi yi wa ɓarna. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa. Cikin magungunan da hukumar ta ba da shawara a kai har da koya wa yara ƴan makaranta iyo da dabarun ceto. A Bangaladash, ƙasar da talaucinta bai ɓoyu ga kowa ba, a cikin tafkunan ƙauye ake koya wa yara iyo: a kafa shingen gora a wurin da ba shi da zurfi, malami ɗan garin ya shiga da su. Ba su jira an gina musu wurin wanka irin na otal ba.

Mu ma muna da ruwa, mantawa muke yi. Gulbin Maggiya yana ratsa ƙasar Malbaza da Ƙonni kafin ya tsallaka Najeriya. A kansa aka gina barajin Mozage da na Zongo, waɗanda lokacin gina su aka tsara na farko ya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 30. Daga can ruwan ke biyo babbar kwata zuwa matarar Cerasa, ya shayar da filayen noman rani na Ƙonni, fiye da hekta 2,400, waɗanda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, hukumar ONAHA na kula da su tare da ƙungiyoyin manoma. Ta ɓangaren Illela kuma, idan ka nausa yamma wajen Bagaruwa, ga tafkin Dan Dutsi, wanda shi da na Tabalak aka sa su cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2005. Duk wuraren nan akwai yara a gefensu. Suna kai dabbobi shan ruwa, suna wanki, suna kamun kifi, suna wanka. Ruwan ya riga ya shiga rayuwarsu, ilimin ruwan ne bai shiga ba.

Wani zai ce to a koya musu iyo kawai mana, me ya kawo jirgi? Duk wanda ya taɓa riƙe yara ya san amsar. Ka ce wa ɗan shekara 12 ya zo darasi kullum Asabar, sati biyu zai yi ya gudu wajen ƙwallo. Amma ka nuna masa jirgi mai zane ja yana yanka ruwa ba inji ba mai, sa'ansa na riƙe da tuƙi, ka ce masa ba ya hawa sai ya yi iyon mita 25 ba tsayawa kuma ya iya tsayuwa a kan ruwa, wallahi kafin ka tashi daga barci yana ƙofar gidanka. Jirgin shi ne zumar da za ta jawo su, iyon kuma shi ne abin da muke so ya zauna a jikinsu har tsufa.

Irin jirgin da nake nufi Turawa na kiransa katamaran. Kalmar ma ba tasu ba ce, daga harshen Tamil na kudancin Indiya suka aro ta, ma'anarta itatuwan da aka ɗaure wuri ɗaya. Siffarsa mai sauƙi ce: kwalekwale biyu sirara, a jera su gefe da gefe da tazara, a haɗa su da sanduna biyu a gicciye, a yi shimfiɗa a tsakani inda mutane za su zauna, a kafa doguwar sanda a ɗaura mata zanen da iska za ta tura. Mutanen tsibiran tekun Fasifik da irin wannan suka ratsa dubban kilomita tun kafin a san inji. Mu sai mu kira shi Tagwaye, ko Hasan da Husaini in kun fi so.

Dalilina na zaɓen tagwaye a kan kwalekwale guda uku ne. Na farko, faɗi. Kwalekwale ɗaya siriri, yaro ya miƙe tsaye ko ya leƙa gefe, sai ya juye. Tagwaye kuwa kamar mutum ne da ya buɗe ƙafafunsa ya tsaya, ture shi sai an sha wuya. Na biyu, ba ya son zurfi. Barajojinmu laka ta cike su, bakinsu shimfiɗaɗɗe ne, kuma ruwan janyewa yake yi kullum daga kaka zuwa bazara. Jirgin da ke da dogon allo a ƙarƙashinsa zai yi ta kafewa, shi kuwa wannan ruwa iya gwiwa ya ishe shi. Na uku, ana kwance shi. A cire sandunan gicciye, a ɗora kwalekwalen biyu a amalanken jaki ko a bayan mota, a kai shi Zongo yau, wani satin a kai shi Dan Dutsi.

Kada in yi muku tallan da babu gaskiya: yana da aibinsa. Yana da nauyin juyawa idan za a sauya hanya ana fuskantar iska, sai yaro ya koyi dabara. Kuma duk da wuyar kifewarsa, ran da ya kife tayar da shi ya fi na kwalekwale guda wahala, musamman in sandar zanen ta nutse ta caki laka. Maganin wannan sananne ne a wurin masu irin jirgin: a ɗaura abu mai yawo a kan ruwa a ƙolin sandar, ko da ƙaramar jarka ce a toshe, don jirgin ya tsaya a kwance a gefensa, kada ya juye gaba ɗaya. Sannan a koya wa yara kifar da shi da gangan da tayar da shi, a ruwa marar zurfi, tun ranar farko.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato kuɗi. A nan akwai labarin da ya kamata mu sani. A 1947, a garin Kiliyawota na jihar Fulorida a Amurka, aka roƙi wani maƙerin jirage mai suna Clark Mills ya zana jirgin yara wanda kuɗinsa ba zai wuce dalar Amurka 50 ba, wanda uba da ɗansa za su iya haɗawa a gida da fallen katako. Ya zana wani abu kamar akwati, tsawonsa bai kai mita biyu da rabi ba. Ƴan kasuwar garin suka riƙa ɗaukar nauyin jirgi ɗaya-ɗaya. Wannan akwatin shi ne Optimist, wanda yau yara ƴan ƙasa da shekara 16 ke tuƙawa a ƙasashe fiye da 100, kuma da yawa daga cikin masu cin lambar Olamfik a tseren jirgin iska a cikinsa suka fara. Amma ku ji ƙarshen labarin. Da gasa ta yi zafi, aka koma yin sa da roba mai zaren gilashi a masana'anta, iyaye masu hali suka shiga sayen zane na musamman da sanda ta musamman. Yau sabon Optimist na gasa dubban daloli ne. Jirgin da aka ƙirƙira don ɗan kowa ya koma na ɗan wane. Su kuwa tagwayen da matasa ke gasar duniya da su, irin Nacra 15, kuɗin guda ɗaya sai ya sayi mota.

Darasin a fili yake. Arha ba ta tsare kanta, sai an rubuta ta a doka tun ranar farko. A wasan jirgin iska akwai abin da ake kira aji: a yarda da ƙira ɗaya, awo ɗaya, kaya iri ɗaya, duk wanda zai shiga tsere da irin wannan jirgin zai zo, don a gane gwanin tuƙi, kada aljihun uba ya ci gasa. Mu da muka tashi da kokowa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, abin da ya sa talaka ke ganin wasan nasa ne shi ne kowa da walkinsa da ƙarfinsa yake shiga fili, babu abin da ɗan mai kuɗi zai sayo ya fi ka da shi. Ajin Tagwaye haka ya kamata ya zama. Ga dokokin da nake ba da shawara, a tattauna, a gyara.

Ta ɗaya: duk abin da za a sa a jirgin ya zama ana samunsa a kasuwar Ƙonni, Malbaza ko Illela. Mun ga yadda kaya suka yi wuya da aka rufe iyaka da Najeriya daga 2023 zuwa farkon 2024. Jirgin da sai an yi odar ƙusarsa daga Turai, ran da ta karye ya zama kaya a ɗaki.

Ta biyu: awon jirgin ya bi awon katakon da ke kasuwa. Fallen kontirpilake da kafintocinmu ke aiki da shi mita 2.44 ne a tsaye, 1.22 a kwance. Falle ɗaya da rabi ya ba da tsawon kusan mita 3.6, ba a zubar da komai ba. Faɗin jirgin duka ya tsaya wajen mita 1.8, ya ɗauki yara biyu, kuma kada ya yi nauyin da yara huɗu za su kasa ɗaga kwalekwale ɗaya. A kula, kontirpilaken silin da na bayan kabad ba ya jure ruwa, mannensa saki yake yi. Sai an nemi mai jure jiƙa, a shafe shi da fenti mai kyau ciki da waje, a riƙa ajiye shi a inuwa don ranar nan tamu ba ta barin katako lafiya.

Ta uku: jirgin kada ya iya nutsewa ko ya fashe. Lissafin mai sauƙi ne, mun yi shi a lakwal: lita ɗaya ta iska a rufe tana ɗaukar kusan kilo ɗaya a kan ruwa. Jarka mai lita 20 a toshe, kusan kilo 20 ke nan. A cusa jarkoki da gorunan roba marasa komai a cikin kowane kwalekwale, a ɗaure su, har jimillarsu ta wuce nauyin jirgin da na yaran biyu. Robobin da ke toshe mana magudanai sun samu aiki.

Ta huɗu: zane ɗaya, ƙarami, kada ya wuce murabba'in mita 5, na tamfol, telan unguwa ya ɗinka. A yi masa igiyoyin naɗewa don a rage shi in iska ta tashi. Ƙarfin da iska ke tura zane da shi ba a hankali yake ƙaruwa ba: in gudun iska ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu. Shimfiɗar tsakiya kuwa, masu saƙa mana gado da kujera da igiyar roba sun riga sun iya.

Ta biyar, wadda ita ce uwar sauran: a sa wa kuɗin jirgin rufi. A ƙera na gwaji, kafinta da mai walda da tela su kawo lissafinsu a fili, a rubuta adadin a doka, a riƙa duba shi shekara-shekara. Ni a ganina bai kamata ya wuce rabin kuɗin sabon babur ba. Kuma jiragen su zama na ƙungiya ko na makaranta, kada su zama na mutum. Ranar tsere a jefa ƙuri'a, kowa ya hau wanda ya faɗo masa. Da wannan kaɗai an toshe ƙofar da ta lalata arhar Optimist.

Ta shida: babu hawa sai da jarrabawar iyo, sai da rigar ceto, sai da babba a cikin kwalekwalen sa ido. Rigar ceto ita ce abu ɗaya da ban yarda a yi mata ƙirar gida ba, a sayi ta gaske. Kuma babu fita da damina. Hadarinmu na gabas ba ya sallama, cikin minti kaɗan iskarsa ke cire rufin kwano. Lokacinmu daga Oktoba ne zuwa Janairu ko Fabrairu: baraji na cike da ruwan damina, iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas kusan kullum. Allah ya haɗa mana ruwa da iska a wata ɗaya, mu ne ba mu lura ba.

Na san akwai masu ƙorafi, kuma wasu ƙorafin na da nauyi. Akwai tsargiya. Gaskiya ne, ruwan da ke kwance yana ɗauke da ita, ta hanyar ƙananan dodon koɗi da ke zama cikin ciyawar bakin ruwa. Amma yaran da muke magana a kansu suna cikin ruwan nan tun jiya, ba tare da kowa ya duba su ba. Ƙungiyar da ke da rajistar yara ita ce za ta iya share wurin shiga, ta kai su likita a gwada fitsari, a ba su maganin da ake rabawa a makarantu. Yaron da ke zuwa a ɓoye, wa zai gwada shi?

Akwai manoma, masunta da makiyaya, waɗanda ruwan nan shi ne abincinsu. Haƙƙinsu na gaba da wasanmu, babu jayayya. Sai dai jirgin iska ba ya shan ruwa ko kofi ɗaya, ba ya zubar da mai, ba ya ƙara. A zauna da ƙungiyoyin manoma da ONAHA da sarakunan ruwa, a shata wuri nesa da bakin kwata, nesa da taru, nesa da mashayar dabbobi. Masuntan ma su ne malamanmu na farko, a biya su ladan koyarwa. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016, akwai wasannin kabanci: tseren kwalekwale, iyo, nutso. Hausawa ne kamar mu. Wanda ya ce wasan ruwa ba al'adar Bahaushe ba ce, bai je Matan Fada ba.

Akwai kuma masu cewa ana fama da tsadar hatsi da matsalar tsaro, wannan ai shagala ce. Ban raina damuwarsu ba, ni ma a cikinta nake. Amma kuɗin da ake magana a kai bai kai na walimar buɗe taro ɗaya ba, kuma kowane dala a hannun kafinta, tela da mai walda na garin zai tsaya. Saurayin da ya koyi yanka katako a kan awo, ya lissafa nauyi, ya karanta iska, ya ɗauki amanar ran abokinsa, ya samu abin da zaman fada da shayi ba zai ba shi ba. Su kuma ƴan mata kada a bar su a baya. Su ne ke wanki da ɗibar ruwa a bakin baraji, ruwa kuma ba ya tambayar namiji ko mace. A ware musu ranarsu, da suturar da iyaye suka yarda da ita, da malamai mata.

Ku tuna da Hamadou Djibo Issaka. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, shi ya wakilci Nijar a tseren kwalekwale na mita 2,000, yana da shekara 35, bayan horon wata uku kacal. Shi ya zo na ƙarshe, ƴan kallo suka miƙe suna yi masa tafi. Mutumin ya yi abin da zai iya, ya kuma fita kunyar ƙasarsa. Tambayar tamu ce: da wani ya ɗora shi a jirgi tun yana ɗan shekara 10 fa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ɗaliban fasaha na jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da na cibiyoyin koyon sana'a su zana ƙirar, su saki zanen kyauta ga kowa. A ƙera guda ɗaya tak, manya da suka iya ruwa su gwada shi, su kifar da shi, su nemo aibinsa kafin yaro ya taka shi. Hukumomin gari da ma'aikatar matasa da wasanni su ba da izini da rumfar ajiya. Ƴan kwana-kwana da Kuros Ruj su horar da masu ceto. Ƴan kasuwar Ƙonni, masu albasar Galmi, da duk mai hali a Malbaza da Illela, kowa ya ɗauki nauyin jirgi ɗaya a rubuta sunan shagonsa a jikin zanen. Jirgi shida sun isa a fara aji.

Ku kuma ƴan fada, aikinku ya fi na kowa sauƙi. Yau da dare, in an ɗora shayi, ku tambayi junanku: a cikinmu nan, wa ya iya iyo? Ku ƙirga hannuwan da za su tashi. Sannan ku tambayi kanku, in gobe ƙanen ɗayanku ya zame a bakin Mozage, wa zai shiga? Ni na taɓa tsayawa a bakin ruwa da sanda a hannu, ina kallo. Ba na fatan ko ɗayanku ya yi irin wannan tsayuwar. Damina na tafe, kududdufai za su sake cika. Mu nemo kafinta, mu nemo masunci, mu fara.